Labarin Mota a Tambayi Allo: Ra'ayi Kan Sake Tsara Allon Motar Lantarki

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Mota ma tana da fuskarta, wato allon nan da ke gaban direba, inda take sanar da shi gudun da yake yi, da abin da ya rage mata na ƙarfi, da cutar da ke damunta. Shekaru aru-aru ba a yi ba da ƙirƙiro mota, amma a cikin ɗan lokacin nan direbobin duniya sun saba da wani harshe guda: allura mai nuna gudu, allura mai nuna mai, da ƴan fitilu masu launi da ke kunnuwa idan wani abu ya ɓaci. Zuwan motar lantarki ya girgiza wannan harshe. An cire allurai, an kawo gilashi irin na wayar hannu, kuma kowane kamfani ya shiga tsara nasa yadda ya ga dama.

Ra'ayin da nake son karewa a wannan maƙala shi ne, sake tsara allon motar lantarki aiki ne na harshe tun kafin ya zama aikin ado ko na injiniya. Allon mai magana ne, direba kuma mai sauraro ne wanda idonsa ke kan hanya, ba shi da lokacin cewa a maimaita masa. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta ba da shawara a 2013 cewa kada wani aiki a kan allo ya ɗauke idon direba fiye da sakan 2 a kallo guda. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 56 a cikin sakan 2 ɗin nan. Ke nan duk saƙon da ya gaza isa ga fahimta a wannan taƙi ya zama haɗari, komai kyawunsa. Wannan kuwa fage ne da ɗalibin kimiyyar harshe yake da abin cewa a cikinsa.

Motar da ta yi shiru

Motar mai tana magana ta hanyoyi da dama ban da allo. Direban da ya ƙware yana jin ƙarar inji ya san lokacin sauya giya, yana jin rawar sitiyari, yana shaƙar warin da ya san ba na lafiya ba ne. Bakanike a gareji kan kasa kunne kawai ya faɗi inda matsala take. Motar lantarki ta rufe yawancin waɗannan ƙofofi. Idan aka kunna ta ba ta ruri, ba ta girgiza, har mutum na iya zama a ciki bai san ko ta tashi ba. Saboda haka ne kamfanin Toyota ya sa wata kalma mai launin kore a allon motarsa Prius, wadda ta fito a 1997 tana haɗa mai da lantarki, kalmar Ingilishi ce READY, ma'ana a shirye take. Kamfanoni da yawa sun bi sahu, kuma kalmar ta zauna a haka har a ƙasashen da ba a jin Ingilishi.

Wannan ƙaramin misali yana nuna girman sauyin. Abin da kunne da jiki suke ɗauka a da ba tare da wahala ba, yanzu an ɗora shi a kan ido, ta hanyar rubutu. Sannan motar tana da sababbin labarai da motar mai ba ta taɓa bayarwa ba: yawan cajin da ya rage, zafin batir, ƙarfin da birki ke mayarwa cikin batir idan an sassauta gudu, tsawon lokacin da caji zai ɗauka, da tashar caji mafi kusa. Labari ya ƙaru, ƙofar shigarsa ta ragu zuwa guda. A irin wannan hali ne ake gane gwanin magana, domin sai ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai bari.

Yawan magana ba shi ne isar da saƙo ba

Masanin falsafar harshe ɗan Ingila, Paul Grice, ya bayyana a 1975 cewa zance mai amfani yana tafiya bisa ƙa'idoji huɗu: a faɗi daidai gwargwadon abin da ake buƙata, a faɗi gaskiya, a faɗi abin da ya dace da wurin, kuma a faɗe shi a sarari. Da za a auna allunan motocin lantarki na shekarun nan da wannan ma'auni, da yawa za su faɗi tun a ƙa'ida ta farko.

A 2017 kamfanin Tesla ya fitar da Model 3 ba tare da allo a bayan sitiyari ba. Komai ya koma kan gilashi guda mai inci 15 a tsakiyar mota, har da lambar gudu, wadda sai direba ya karkata ido gefe kafin ya gan ta. A 2021 kamfanin Mercedes ya sa wa motarsa EQS gilashi mai faɗin santimita 141, daga wannan ƙofa zuwa waccan. Masu saye sun yi sha'awa, kamfanoni kuma sun sami sauƙi, domin zana maɓalli a kan gilashi ya fi ƙera shi da roba da waya araha. Sai dai abin da hannu yake lalubowa a da ba tare da ido ba, kamar rage sanyi ko kunna abin share gilashi, ya koma cikin jerin shafuka da sai an duba, an taɓa, an sake dubawa.

Wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Vi Bilägare ta gwada wannan a 2022. An ba direbobi ayyuka huɗu masu sauƙi, irin su sauya tashar rediyo da ƙara ɗumin mota, suna gudun kilomita 110 a awa. A cikin tsohuwar Volvo V70 ta 2005, mai maɓallai na zahiri, an gama cikin sakan 10. A cikin motar lantarki MG Marvel R aikin ya ci kusan sakan 45, wato motar ta yi tafiyar fiye da kilomita guda hankalin direba na rabe. Hukumar Euro NCAP, mai ba motoci taurarin aminci a Turai, ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa la'akari da ko mota tana da maɓalli ko sanda ta zahiri ga abubuwa biyar: sigina, fitilun gargaɗi, oda, abin share gilashi, da kiran gaggawa. Kamfanin Volkswagen ma ya fito fili ya ce zai mayar da maɓallai cikin sababbin motocinsa.

Darasin da ke nan a fili yake. Allon da aka tsara da kyau yana da mataki-mataki kamar jimla mai kyau, wadda ke sa muhimmin abu a inda kunne zai fara kamawa. Gudu, da cajin da ya rage, da gargaɗin haɗari, su ne ya kamata su zauna daram a gaban ido. Taswira da kiɗa da sauran kayan more rayuwa su koma gefe. Abin da hannu zai iya yi shi kaɗai a bar wa hannu.

Akwai kuma wata matsala da motar mai ba ta sani ba. Allon motar lantarki manhaja ce, kamfani na iya sauya ta ta intanet cikin dare, mai mota na barci. A ƙarshen 2021 Tesla ya yi irin wannan sauyi, ya tura wasu maɓallai da direbobi suka saba gani a fili zuwa cikin shafuka, aka yi ta ƙorafi. Mu da muka san wahalar da ke cikin daidaita ƙa'idojin rubutu, tun daga taron Bamako na 1966 zuwa yau, mun san cewa alama tana samun ƙarfinta ne daga sabo. Wanda ya sauya wa mutane wurin alama ba shiri, daidai yake da wanda ya sauya musu haruffa a tsakiyar karatu.

Lambar da ke alƙawari

Ƙa'idar gaskiya ta fi fitowa a kan lamba guda, wato kilomitocin da mota ta ce za ta iya ci kafin batir ya ƙare. Direba yana karanta wannan lamba kamar alƙawari, alhali kintace ce. Tana sauyawa bisa ga gudu, da nauyin kaya, da hawa ko gangara, da iskar da ke busowa, da na'urar sanyaya mota. Masu motar Nissan Leaf, wadda ta fito a ƙarshen 2010, sun gaji da yadda lambar ke hawa da sauka har suka laƙaba mata sunan ba'a da ke nufin ma'aunin kintace. Motar Chevrolet Bolt ta bi wata hanya da na fi yarda da ita: tana nuna lamba uku, mafi yawa da mafi ƙaranci da ta tsakiya, domin direba ya ga cewa maganar tana da iyaka biyu.

Harshenmu ya riga ya tanadi wannan bambanci a cikin nahawunsa. Idan Bahaushe ya ce "za ta kai", ya yi magana da tabbaci. Idan ya ce "tâ kai", da faɗuwar murya a kan wakilin suna, ya bar ƙofa a buɗe, ma'ana ana sa rai amma ba a rantse ba. Allon da ke nuna lamba ɗaya tak yana cewa "za ta kai" a wurin da gaskiya ita ce "tâ kai". A ƙasar da ke da tashar caji a kowace unguwa, wannan kuskure ɓacin rai kawai zai jawo. A hanya irin ta Yamai zuwa Maraɗi, mai fiye da kilomita 600, cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, na'urar sanyi na aiki ba hutu, lambar da ta yi ƙarya tana iya barin iyali a daji. Mai tsara allo da ya san nauyin kalma zai gwammace ya nuna shakkarsa a fili da ya yi alƙawarin da ba zai cika ba.

Hoto ba ya fassara kansa

Za a iya cewa ai maganin duk wannan shi ne a bar rubutu a koma ga hotuna, tunda hoto kowa na ganewa. Akwai gaskiya a ciki. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 2575 ta daidaita alamomin allon mota, kuma launuka sun zauna: ja haɗari, rawaya gargaɗi, kore abu na aiki, shuɗi babbar fitila. Direban da ya koyi tuƙi a Tawa zai gane su a cikin motar da aka ƙera a Japan. Wannan riba ce da bai kamata a yi wasa da ita ba.

Amma ɗalibin ilimin alamomi ya san cewa kamanni kaɗai ba ya haifar da ma'ana. Charles Sanders Peirce ya bambanta alamar da ke kama da abin da take nufi, da wadda ke nuni gare shi, da wadda yarjejeniya ce kawai ta haɗa su. Yawancin hotunan allo muna ɗaukarsu a rukunin farko, alhali na ukun ne. Alamar man inji hoton wata tsohuwar gwangwanin zuba mai ce da aka daina amfani da ita, mutane da yawa butar shayi suke gani. Alamar tashar caji a motoci da dama hoton famfon gidan mai ne da aka liƙa wa filogi, wato sabon abu sanye da rigar tsoho, kamar yadda muke cewa "jirgin sama" da kalmar da asalinta ta kwalekwale ce. Motocin Tesla na nuna hoton ƙwayar dusar ƙanƙara idan batir ya yi sanyi, hoton da ba ya tuna wa mutumin Damagaram komai.

Misali mafi daɗi shi ne kunkuru. A motar Leaf da wasu da dama, idan caji ya kusa ƙarewa ko batir ya yi zafi, sai hoton kunkuru ya bayyana, ma'ana motar ta rage ƙarfi, za ta tafi a hankali. Wanda ya tashi da tatsuniyar tseren kunkuru da zomo zai gane nan take. A bakin Bahaushe kuwa, idan ana zancen jinkiri, tafiyar hawainiya ake cewa. Ba ina kira a cire kunkuru a sa hawainiya ba, domin alamar da duniya ta daidaita a kai ta fi amfani idan ta zauna yadda take. Abin lura shi ne hoton ma koyonsa ake yi kamar kalma, saboda haka dole a koyar da shi a makarantun tuƙi da harshen da mai koyo yake ji, kuma a haɗa shi da gajeren bayani a kan allo.

Ko girman harafi ma ba ƙaramin abu ba ne. A watan Fabrairu na 2024 Tesla ya yi gyara ga motoci kusan miliyan 2.2 a Amurka, saboda rubutun gargaɗin birki a allonsu bai kai milimita 3.2 da doka ta gindaya ba. Doka ta auna harafi da milimita domin ta san rai na rataye a kansa.

Idan allon ya yi Hausa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Matsayi irin wannan yana tabbata ne a ranar da harshe ya shiga wuraren da rayuwa ke gudana, kuma gaban direba na cikinsu. A da, sa wa mota sabon harshe yana nufin sake buga faranti da maɓallai. Yanzu da allo ya zama manhaja, ƙara harshe ƙara fayil ne. Wahalar ta bar hannun maƙera ta dawo hannunmu, kuma tana da rassa da ya kamata a dube su tun yanzu.

Na farko, kalmar "wuta". A Hausa ita ce harshen wuta mai ƙuna, ita ce lantarki, ita ce fitila. A cikin hira mahalli yana warware ma'ana. A kan allon motar da batirinta ke iya kamawa da wuta ta gaske, saƙo irin "matsalar wuta" ba shi da gafara, domin direba bai san ko ya nemi tashar caji ba ne ko ya buɗe ƙofa ya gudu. Dole a keɓe "gobara" ga ƙuna, "caji" ga abin da ke cikin batir, "fitila" ga haske, kuma a tsaya a kan haka ba sauyi.

Na biyu, rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Jimlar "batir ya cika" a rubuce tana iya zama labarin abin da ya riga ya faru, ko umurnin a bari ya cika, ko tsammanin zai cika. Mai karanta littafi yana da sakin layi gaba ɗaya da zai taimake shi, direba kuwa kalma uku ce a gabansa. Mai fassara allo sai ya zaɓi ginin jimlar da ba ya karɓar karatu biyu, kamar "caji ya kammala" ko "a cike yake".

Na uku, baƙaƙe masu ƙugiya. Duk wanda ya taɓa buga Hausa a kwamfuta ya ga yadda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ke rikiɗewa su zama akwati idan nau'in harafin bai tanade su ba. Idan aka yar da ƙugiya, "ƙafa" ta zama "kafa", "ɗaiɗai" ta zama "daidai", saƙon da ke cewa a duba tayoyi ɗaiɗai ya koma yana cewa lafiya lau suke. Haka nan Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma kalmomin aro sun rabu gida biyu: wani ya ce isansi, wani ya ce fetur. Kamfanin da zai sa Hausa a motarsa zai so jeri guda na kalmomi da zai yi aiki daga Agadas zuwa Kano, kuma masana ne kaɗai za su iya ba shi.

Na huɗu, murya. Direbobi da yawa a ƙasarmu ba sa karanta boko, wasu ajami suka iya, wasu kuma ƙwarewarsu a kunne take. Gargaɗin da aka furta da baki ya fi dacewa da su, kuma ya fi aminci ga kowa tunda ba ya ɗauke ido daga hanya. Amma na'urar da za ta furta Hausa ba tare da karin sauti daidai ba za ta zama abin dariya, ko ta faɗi abin da ba shi ake nufi ba. Wannan aiki ne na masu ilimin furuci da tsarin sauti.

Ga mai cewa lokaci bai yi ba

Na san akwai mai cewa wannan zance ya yi gaba da zamaninsa, a ƙasar da wutar gida ma ba ta wadata ba. Hujja ce mai nauyi, kuma ba na cewa motar lantarki za ta cika titunanmu gobe. Sai dai motocin da muke hawa yawancinsu na hannu ne, waɗanda Turai da Amurka da Asiya suka gama da su, suka iso ta tashoshin ruwa irin na Kwatano da Lome. Abin da ake sayarwa sabo a can yau, shi ne gwanjonmu nan da shekara goma ko goma sha biyar. Ƙasar Habasha ta hana shigo da motocin mai na hawa tun 2024, alamar cewa sauyin na iya zuwa Afirka da sauri fiye da yadda ake zato. Kuma babur da keke mai ƙafa uku masu aiki da batir, waɗanda su ma suna da ɗan allonsu, sun fi mota saurin isa hannun talaka.

Wayar hannu ta riga ta koya mana darasi. Ta zo ba mu shirya mata kalmomi ba, kasuwa ta raɗa nata, masana suka biyo baya suna rubuta abin da ya riga ya zauna. Hakan bai yi ɓarna sosai ba, domin wanda ya kasa gane saƙon waya kati kawai zai yi asara. Wanda ya kasa gane saƙon mota yana iya asarar rai.

Saboda haka ina ganin akwai aikin bincike a nan da ya dace da kundin kammala karatu a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, kuma ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Ɗalibi ya je tashar mota, da gareji, da inda ƴan kabu-kabu ke taruwa, ya tattara sunayen da suke kiran kowace fitila ta allo. Ya nuna musu alamomin motar lantarki a takarda na sakan 2, ya rubuta abin da kowa ya fahimta. Ya gwada jimloli biyu ko uku na gargaɗi guda, ya ga wadda aka fi saurin kamawa ba tare da kuskure ba. Daga irin wannan aiki ne za a sami jerin kalmomi da aka gwada a bakin masu tuƙi, wanda hukuma za ta iya miƙa wa masu shigo da motoci da makarantun tuƙi. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma kalmomin da direbobinmu suka daɗe suna amfani da su a kan motar mai su ne tushen da za a ɗora na motar lantarki a kai. Idan ba mu yi ba, wani zai yi mana da fassarar na'ura, sannan mu zauna muna gyaran abin da ya riga ya shiga ido da bakin jama'a.